Lambar yabo ta faɗi a takardar sallama: kurakuran da tsofaffin sojan Amurka suka fi yi wajen neman gyara

Ɗan yayata, wanda ya yi aikin soja a Amurka, ya zo mini da takardarsa ta sallama da ake kira DD-214, ya shimfiɗa ta kan tebur, ya ɗora yatsa a gida na 13 inda ake jera lambobin yabo. "Kawu, duba nan don Allah," in ji shi. "Wata goma sha ɗaya na yi a Iraƙi, amma kai ka ce ban taɓa fita daga bariki ba." Na duba, lambar yaƙin Iraƙi babu ita. Ranar da aka sallame shi hankalinsa ya riga ya kai gida, aka miƙo masa takarda ya sa hannu bai karanta ba. Kuskuren farko ke nan, kuma wanda bai riga ya tuɓe kaki ba ya ji da kyau: ka zauna ka bi gida na 13 layi-layi kafin ka sa hannu, domin gyaran da akawu zai yi maka cikin minti goma a ranar, bayan ka fita yana iya cin shekara.

'Ya'yanmu da ƙannenmu da suka sa kakin Amurka ba kaɗan ba ne yanzu, shi ya sa na ga ya kamata a yi wannan magana da Hausa. Abin ba na ado a ƙirji kaɗai ba ne. Wanda aka tabbatar masa da Purple Heart, lambar waɗanda suka ji rauni a hannun abokan gaba, yana samun fifiko a asibitocin tsofaffin soja da wajen ɗaukar aikin gwamnatin tarayya, kuma idan ya same ta daga 11 ga Satumba 2001 zuwa yau, ana ba shi cikakken tallafin karatu ko da bai daɗe a aiki ba.

Yawancin mutane ƙofar da ba ita ba suke fara ƙwanƙwasawa. Suna zuwa ma'aikatar tsofaffin soja, wato VA, domin ita suka sani. VA tana biyan haƙƙi ne bisa abin da ta gani a rubuce, ba ta da ikon ƙara ko wasali ɗaya a takardar sallama. Haka ita ma cibiyar ajiyar fayil ta NPRC da ke St. Louis: za ta ba ka kwafin fayil ɗinka idan ka nema ta fom SF-180 ko ta intanet, za ta duba abin da fayil ɗin ya riga ya tabbatar, amma yanke hukunci kan lambar da ake gardama a kai na rundunar da ka yi wa aiki ne. Ɗan sojan ƙasa yana fara rubuta wa sashen lambobin yabo da ke Fort Knox a jihar Kentucky. Sai sun ƙi ne, kuma ƙin nan yana hannunka a rubuce, za ka cika fom DD-149 zuwa hukumar gyaran bayanan soja. Sojan ƙasa tasu ake kira ABCMR, sojan ruwa da rundunar Marines suna da BCNR, sojan sama ma suna da tasu. Wanda ya yi tsalle ya tafi hukuma kai tsaye, sau da yawa bayan watanni sai a dawo masa da takardunsa a ce ya koma ya bi ta ƙasa tukuna.

Inda na fi so a tsaya a fahimta shi ne, lambobin nan ba jinsi ɗaya ba ne, kuma kowane jinsi da irin hujjar da yake so. Akwai wadda zama a wani wuri a wani lokaci ke jawo ta, kamar lambar yaƙin Iraƙi da ta Afganistan, waɗanda aka kafa a 2004. Wannan mai sauƙi ce: odar da aka tura ka da ita, takardun albashi masu nuna alawus na fagen daga, ranar shiga da ranar fita. Da su ɗan yayata ya samu tasa. Wasu ma an ƙirƙiro su ne bayan mutum ya bar aiki, saboda haka ba yadda za a yi su fito a tsohuwar takarda. Lambar tsaron Koriya a 2002 aka kafa ta, amma ta haɗa har da waɗanda suka yi aiki a can tun 28 ga Yuli 1954. Haka yabon da ake yi wa bataliya baki ɗaya: yakan fito shekara biyu ko uku bayan an dawo, lokacin da rabin mutanen sun watse, kuma ba wanda zai bi ka gida ya gaya maka. Kai ne za ka nemo odar, ka nuna cewa sunanka yana cikin bataliyar a kwanakin da aka ambata.

Akwai kuma lambar jarumta ko ta ƙwazo, wadda sai wani na sama da kai ya rubuta cewa ka cancanta. Nan ne mutane suka fi shan wahala, domin suna ɗauka cancanta kaɗai ta isa. Idan an taɓa amincewa da ita, oda ta fito, akawu ne ya manta bai shigar ba, to ka kawo odar magana ta ƙare. Idan kuwa ba a taɓa rubuta shawarar ba, ba gyara kake nema ba, sabuwar lamba kake nema, kuma a rundunar sojan ƙasa wa'adin shigar da irin wannan shekara biyu ne daga ranar da abin ya faru. Bayan wa'adi hanya ɗaya ta rage: doka ta yarda ɗan majalisar tarayya ya miƙa buƙatar ga rundunar. Sai an haɗa fom DA-638, da bayanin waɗanda suka gani da idonsu bisa rantsuwa, da sa hannun kwamandojin wancan lokaci, waɗanda ke raye. Mutum ba ya rubuta wa kansa shawarar. Ɗan majalisa kuma ƙofa kawai yake buɗewa, ba shi ke bayarwa ba.

Purple Heart ita ba ta da wa'adi, ba ta kuma jiran shawarar kowa, amma tana da nata sharaɗi: raunin ya fito daga aikin abokan gaba, ya kai a yi masa magani, kuma maganin ya shiga rubuce. Jarumtar nan ta "ba komai, ɗan ƙwarzane ne" ita ke cutar da mutane daga baya. Raunin ƙwaƙwalwa da ƙarar bam ke jawowa shi ya fi faɗawa wannan rami, domin ba jini a gani. Bayan harin makamai masu linzami da Iran ta kai sansanin Ainul Asad a Iraƙi ranar 8 ga Janairu 2020, an gano irin wannan rauni a jikin soja fiye da 100, amma 39 daga cikinsu sai a Disamba 2021 aka amince da lambarsu.

Sai kuskuren aika labari a maimakon hujja. Na ga wasiƙa mai shafi shida da ta sa ni hawaye, amma babu takarda ko ɗaya a bayanta. Hukumar gyara ba ta fita bincike. Tana farawa ne da ɗaukar cewa abin da gwamnati ta rubuta daidai ne, kai ne za ka nuna akasin haka. Ka faɗi abin da kake so cikin jimla ɗaya: a ƙara lamba kaza a gida na 13, saboda oda mai lamba kaza ta ranar kaza. Ka sa wa kowace hujja lamba, ka aika kwafi, asali ya zauna a gida. Mu kuma muna da wata matsala tamu: suna. Muhammad a fayil, Mohammed a fasfo, Mamman a bakin abokan aiki da za su ba da shaida. Ka yi amfani da rubutun da ke fayil ɗin soja harafi da harafi, in ka canza suna lokacin karɓar takardar zama ɗan ƙasa ka haɗa shaidar canjin.

Wasu suna karaya da an ce musu "fayil ya ƙone". Gobarar gaskiya ce: ranar 12 ga Yuli 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18 a St. Louis. Amma ta shafi sojan ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da farkon 1960 ne, da wani ɓangare na sojan sama na 1947 zuwa farkon 1964. Wanda ya je Iraƙi ko Afganistan ba ruwansa da ita. Ko waɗanda ta shafa, ana sake gina tarihinsu daga rahoton safiya na rukunin sojan, da takardun biya, da rajistar asibiti. Wasu kuma wa'adin shekara uku na fom DD-149 ke tsorata su. Lissafin yana farawa ne daga ranar da ka gano kuskuren, kuma hukuma tana da ikon ɗage shi idan adalci ya buƙata, sai dai ka bayyana dalilin jinkirin, kada ka bar wurin fayau. Henry Johnson, sojan Amurka baƙar fata da ya yi jarumta a Faransa a 1918, ya rasu a 1929. Purple Heart ɗinsa ta zo a 1996, lambar girma mafi ɗaukaka kuma a 2015. Matar mamaci ko magadansa suna iya nema a madadinsa, in sun haɗa shaidar rasuwa da ta dangantaka.

Kada ka biya kowa kuɗin fom, kyauta ne, kuma ƙungiyoyin tsofaffin soja irin su American Legion da VFW da DAV suna da jami'an da ke taimakawa ba ko sisi. Kada kuma ka sayi lamba a shago ka rubuta ta a takardar neman aiki kafin ta shiga fayil, ko da ka tabbata taka ce. Dokar 2013 ta mai da da'awar ƙarya kan manyan lambobi don samun kuɗi ko wata moriya laifi mai kai mutum kurkuku har shekara ɗaya, kuma ko ba a kai nan ba, zargin kaɗai ya isa ya ɓata suna.

Jira yana da tsawo. Doka ta ce hukumomin su gama kashi 90 cikin 100 na buƙatu a wata 10, duka kuma a wata 18, saboda haka in ka tashi daga gida ka sanar da su sabon adireshi. Idan aka amince, za a aiko maka da takardar gyara DD-215 ko sabuwar DD-214. Ka karanta ta layi-layi ita ma, sannan ka kai kwafi VA da kanka. Ta ɗan yayata tana isowa ya kira ni, na ce ya karanto mini gida na 13 a waya, ya karanto har sau biyu.