Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen gilashin gaban mota: orijinal ko na kasuwa

Yawancin kamfanonin ƙera motoci ba su ne ke yin gilashin motocinsu ba. Suna ba da kwangila ne ga masana'antun gilashi irin su AGC, Pilkington, Saint-Gobain Sekurit da Fuyao, a yi musu bisa ma'aunin da suka gindaya, a buga tambarin motar a kusurwa. Wannan shi ake kira orijinal. Waɗannan masana'antu kuma suna fitar da gilashi zuwa kasuwa ba tare da tambarin motar ba, sannan ga wasu kamfanoni da ba su da wata yarjejeniya da kamfanin motar, suna auna na asali su kwaikwaya. Saboda haka idan an ce "na kasuwa" an haɗa mai kyau ƙwarai da wanda bai kamata ya hau mota ba. Kuskuren farko da ake yi shi ne yi musu kuɗin goro, ko a ƙi su duka ko a karɓi duk wanda aka miƙo don yana da sauƙi.

Rashin karanta hatimin da ke kusurwa

Kowane gilashin kirki yana da rubutu a kusurwar ƙasa, kuma mutane kaɗan ne ke tsugunawa su duba kafin a shafa gam. Gilashin gaba falle biyu ne, kowanne kaurinsa wajen milimita 2, da wata roba mai suna PVB a tsakiya, kaurinta kusan milimita 0.76. Robar ce ke riƙe tarwatsin idan ya fashe. Na ƙofofi galibi falle ɗaya ne da aka gasa, shi ya sa yake rugurgujewa ƙanana-ƙanana. A hatimin na gaba ka nemi kalmar Laminated, da sunan masana'antar. Idan an yi shi bisa ƙa'idar Amurka za ka ga DOT da lambar masana'anta, da AS1, wanda shi ne ajin da aka yarda a sa a gaba. Idan bisa ƙa'idar Turai ne za ka ga harafin E da lamba cikin da'ira, E1 na Jamus, E2 na Faransa, sai 43R, da layuka biyu a karkace kusa da da'irar. Na Sin yana ɗauke da CCC. Ƙa'idojin nan suna buƙatar aƙalla kashi 70 cikin ɗari na haske ya ratsa gilashin. Hatimi na gaskiya a jikin gilashin yake, ba ya kankaruwa da farce. Wanda ba shi da hatimi, ko aka liƙa masa sitika a madadinsa, a mayar wa mai shi.

Saye da sunan mota da shekara kawai

Nan ne aka fi yin asara. Mota ƙira ɗaya, shekara ɗaya, tana iya samun gilashi iri huɗu ko biyar, duk girmansu ɗaya, duk za su zauna a firam. Bambancin yana cikin abin da ido ba ya saurin gani. Wani yana da gurbin na'urar da ke jin ruwan sama ta kunna waifa. Wani yana da siraran wayoyi na ɗumama gilashi, ko eriyar rediyo a ciki. Wani an yi masa rufi mai kore zafin rana. Wani kuma robar tsakiyarsa ta rage ƙara ce, ana buga masa Acoustic ko ɗan hoton kunne. Idan aka musanya shi da na gama-gari, mai motar zai ji ƙugin iska da na tayoyi ya ƙaru a babban titi, ya yi ta zargin wanda ya saka, alhali gilashin ne ba irinsa ba.

Mafi tsanani shi ne motar da ke haska lambar gudu a jikin gilashi a gaban direba. Robar tsakiyar irin wannan gilashi ta fi kauri a sama fiye da ƙasa, don hoton da falle na ciki da na waje ke mayarwa su haɗu wuri guda. Sa mata na gama-gari, lambobin za su fito biyu-biyu, kuma babu saitin da zai gyara hakan sai an sake gilashi.

Maganin mai sauƙi ne: a ba mai sayarwa lambar shasi, wato haruffa da lambobi 17 da ake gani ta ƙasan gilashi a ɓangaren direba, a ɗauki hoton tsohon hatimin da na bayan madubin ciki, sannan a jera sabon da tsohon a gwada kafin a yanke komai.

Mantawa da kyamara

Motocin da ke taka birki da kansu ko suke gargaɗi idan an kauce daga layi, kyamararsu tana manne a saman gilashin, bayan madubi. Ta cikin gilashin take kallon hanya, kuma mazauninta liƙe yake a jikinsa tun daga masana'anta. Idan mazaunin ya ɗan goce, ko lanƙwasar gilashin a wurin ba daidai take ba, kyamarar za ta ga abu a inda ba ya nan. Karkatar digiri 1 kacal tana zama kusan mita 1.7 a nisan mita 100, wato kusan rabin faɗin layin mota. Fitilar gargaɗi ba lallai ta kama a dashbod ba, wannan ne abin tsoron.

Don haka duk motar da ke da kyamara sai an sake mata saiti bayan canja gilashi, ko da orijinal aka sa. Wasu ana yi musu a tsaye, a fili mai shimfiɗe daidai, da allunan gwaji a nisan da kamfani ya ƙayyade. Wasu sai an haɗa kwamfuta an tuƙa su a titi mai layuka a bayyane. Wasu suna buƙatar duka biyun. A ra'ayinmu, a irin waɗannan motoci ne kuɗin orijinal ya fi cancanta, musamman masu kyamara biyu irin tsarin EyeSight na Subaru, inda kamfanin da kansa ke ba da shawarar a sa nasa. Tsohuwar mota da ba ta da komai a gilashi sai madubi, na kasuwa daga sananniyar masana'anta ya wadatar da ita sarai. Mai inshora kuma ya tambaya tun farko ko kamfanin inshorar zai biya orijinal da kuɗin saitin.

Na hannu da aka ciro daga wata mota yakan ruɗi mutane don tambarin da ke jikinsa. A duba gefunansa: ɓantarewa kaɗan a baki takan zama doguwar tsaga bayan 'yan makonni, fari-fari kamar hazo a gefe kuma alama ce robar ta fara rabuwa da gilashin. Kowane iri ne, a tsaya a kalli sandar fitila ko gefen gini ta cikinsa ana motsa kai a hankali. Idan miƙaƙƙen layi yana rawa, ido zai gaji da shi a tafiyar dare.

Zuba kuɗi a gilashi, a yi rowa a gam

Gilashin gaba yana cikin abin da ke tallafe rufin mota idan ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar fasinja shi take dogara da shi idan ta buɗe. Gam ne ke riƙe da shi, kuma gam ɗin da aka yi don wannan aiki shi ne yuretan na gilashin mota. Silikon na gini yana toshe ruwa amma ba ya riƙe nauyin haɗari. A duba ranar ƙarewar wa'adin da ke jikin kwalin gam da na faraima, wato ruwan da ake fara shafawa kafin gam.

Wajen cire tsohon, ba a kankare gam har ƙarfe. Ana yanke shi a bar kaurin milimita 1 zuwa 2, domin sabon yuretan ya fi kama tsohon da aka yanka yanzu. Duk inda wuƙa ta karce fenti a shafa faraima, a jira ta bushe gwargwadon mintocin da aka rubuta. Idan aka tsallake wannan, tsatsa za ta ci firam a ɓoye, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ruwa ya fara ɗiga ta kusurwa. Idan an tarar da tsatsa tun farko, a goge ta a gyara wurin kafin gilashi ya hau. Baƙin zanen da ya kewaye gefen gilashin shi ke kare gam daga rana, kuma nan gam ke zama. Ba a taɓa shi da hannu tsirara, maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya hana kamu. A zuba gam da baki mai yankan V, layi ɗaya ba yankewa, mutum biyu su ɗora gilashin sau ɗaya. Ɗagawa a sake ajiyewa yana barin kafofin da iska za ta riƙa fito ta ciki.

Saura gaggawar tafiya. Yuretan da laimar iska yake ƙarfi, don haka sanyi da bushewar iska suna jinkirta shi. Akwai mai ba da damar tuƙi bayan minti 30, akwai mai buƙatar sa'o'i da dama, kuma adadin yana rubuce a takardar gam ɗin, a nemi a gani. A ranar farko a bar tagar ƙofa a ɗan buɗe don kada matsin iska ya tura gilashin idan an rufe ƙofa, kada a buga ƙofa da ƙarfi, kada a cire tef ɗin da aka riƙe shi da shi, wankin mota da injin feshi kuma ya jira kwana biyu. Bayan nan a zuba ruwa a hankali daga rufi wani yana ciki yana duba kusurwoyi, a gwada waifa da na'urar ruwan sama, a kuma sa sababbin robobin waifa, don tsofaffi masu yashi a jiki su ne ke fara zana sabon gilashi.