Inda Ya Dace A Maƙala Na'urar Auna Zafi A Mota Mai Ɗakin Kwana

Ta cikin ɗaki, a maƙala ta a bangon tsakiya, kimanin mita 1.5 daga ƙasa, nesa da taga da murhu. Bangon waje yana ɗaukar zafin rana, sai lissafi ya haura.

Ta waje, ƙarƙashin mota cikin inuwa, nesa da salansa da injin.

A firji, a sa ta a tsakiya, kada ta taɓa ƙarfen sanyaya. Ana so a ga digiri 4 na ma'aunin Celsius ko ƙasa.

Wadda mutane ke mantawa ita ce ta batirin litiyam. A liƙa ta jikinsa, domin caji ƙasa da digiri 0 yana lalata shi. Mai amfani da na'urar auna zafi samfurin DS18B20, ya haɗa rezista (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) ta om 4,700 tsakanin wayarta ta bayanai da wadda ke ba ta wuta.