Makonki Nawa? Ga Mai Juna Biyu da Ta Sauka Ƙasar Waje

Ranar da na fara zuwa awo a Ingila, ungozoma ta tambaye ni makona nawa. Na ce ina jin wata uku ne, ko ya ɗan gota. Ta jawo kalanda, ta ce in faɗa mata ranar da al'adata ta ƙarshe ta fara. Na yi tsuru-tsuru ina laluben kwanaki a kaina. Tun daga ranar na gane cewa a nan da mako ake lissafi. Kowane gwaji da makonsa, kowace allura da makonta, har hutun haihuwa da shiga jirgi da mako ake auna su. Don haka 'yar'uwa, ko da cikin kika sauka ko a nan kika samu, ki fara da sanin lambarki.

Lissafin yana da ɗan ɗaure kai. Daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe ake farawa, ba daga ranar da cikin ya shiga ba. Ke nan a mako biyun farko babu ma cikin tukuna. Ranar da kika lura ba ki ga al'ada ba, kin riga kin kai mako na 4 ko na 5. Daga waccan ranar farko zuwa ranar haihuwar da za a rubuta miki kwana 280 ne, wato mako 40. In kin ga 12+3 a katinki, mako 12 da kwana 3 ake nufi. Ita ranar haihuwar kuwa kintace ce kawai. Kamar jariri ɗaya cikin ashirin ne ke zuwa a daidai ranarsa.

Babban aikin halitta yana gudana ne tun babu wanda ya san kina ɗauke da komai. Wajen mako na 6 zuciya ta fara bugawa, ɗan bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya kuma yana rufewa. A mako na 8 ɗan tayin bai fi santimita ɗaya da rabi ba, amma hannuwa da ƙafafu sun tsiro. Zuwa mako na 12 ya kai tsayin ƙaramin yatsanki, da 'yan yatsunsa a rarrabe, kusan duk gaɓoɓinsa sun samu, saura girma da ƙwari. Shi ya sa ake matsa wa mata su sha folik asid, mikrogiram 400 kullum, tun kafin samun ciki har zuwa mako na 12: yana rage haɗarin bututun nan ya ƙi rufewa daidai. Wadda ta jira sai ciki ya fito ta makara. Masu ciwon suga, sikila ko farfaɗiya likita kan rubuta musu mai ƙarfi, miligiram 5.

Akwai kuma bitamin D, wanda da yawanmu ba mu taɓa damuwa da shi ba kafin zuwa. Fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta. A ƙasashen sanyi ranar hunturu ba ta da ƙarfin yin wannan aiki, baƙar fata kuma tana buƙatar rana fiye da fara, ga mai rufe jiki kuwa abin ya zama biyu. A Ingila shawarar ita ce mikrogiram 10 kullum duk tsawon ciki da shayarwa. Ƙashin jaririnki daga jikinki yake gina kansa.

Kada ki jira. A Ingila ana so a yi miki zaman farko da ungozoma kafin mako na 10, kuma a mafi yawan asibitoci ke da kanki za ki cike fom a intanet, ba sai likita ya tura ki ba. Dalilin gaggawar ya shafe mu kai tsaye: a nan ake gwajin sikila. In aka ga ke AS ce, za a nemi maigida shi ma ya ba da jini, domin in ku biyun AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ko takardunki ba su daidaita ba, asibitin NHS, wato na gwamnati, ba ya korar mai ciki ko jinkirta mata kulawa, ko da za a aiko da takardar kuɗi daga baya. A Amurka abin ya rataya ne ga inshorarki da jihar da kike, sai ki bincika tun makon farko. A Jamus za a ba ki ɗan littafi, Mutterpass, wanda ake so ya kasance a jakarki kullum.

Zaman farkon yana da tsawo, tambayoyin kuma wasu za su yi miki nauyi: ɓarin da kika taɓa yi, ko an yi miki kaciya, ko akwai dangantakar jini tsakaninki da mijinki, ko kina cikin aminci a gida. Kowa ake yi wa, ba ke aka ware ba. In turancinki bai zauna ba ki nemi tafinta, kyauta ne a NHS. Na fi son ki yi haka da ki sa maigida ya fassara, don akwai maganar da ba za ta fita a gabansa ba. Duk wani magani da kika zo da shi, ki nuna.

Ke kuma a makonnin nan laulayi ne. Kasala, barci ba ƙaƙƙautawa, tashin zuciya, tsartar da yawu, ƙin warin abin da kike so jiya. Yakan tsananta wajen mako na 9, ya lafa tsakanin 12 da 16. Amma amai da ya hana ko ruwa zama a cikinki, fitsari ya yi duhu, kina ramewa, wannan ya wuce laulayi. Akwai maganinsa, wani lokaci har da ƙarin ruwa. Zubar jini, ko ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, musamman in ya haɗa da ciwon kan kafaɗa ko jiri, na iya zama ciki a wajen mahaifa. Wannan na gaggawa ne: 999 a Ingila, 112 a Turai, 911 a Amurka.

Tsakanin mako na 11 da na 14 za a yi hoton ciki na farko, a auna ɗan, a gyara miki ranar haihuwa in ta kama, a ga ko tagwaye ne. Daga nan sauƙi ke zuwa. Ƙarfi ya dawo, abinci ya fara shiga, wani baƙin layi ya bayyana daga cibiya zuwa mara. Tsakanin mako na 16 da na 24 za ki ji motsin farko, kamar iska na yawo a ciki; mai cikin fari takan kai wajen 20 kafin ta gane shi. A mako na 20 mahaifa ta iso cibiya, ɗan ya kai santimita 25 da giram 300 ko kusa. Hoto na biyu, tsakanin 18 da 21, shi ne mai ɗaukar lokaci, don ana duba zuciya, ƙwaƙwalwa, ƙoda da ƙashin baya ɗaya bayan ɗaya. In mai hoton ta yi shiru, aiki take yi, kar gabanki ya faɗi.

Mako na 24 yana da matsayi a wurin likitoci. Ɗan bai wuce giram 600 ba, huhunsa ɗanye ne, amma daga wajen nan bakwainin da aka haifa yana da damar rayuwa a sashen kulawa ta musamman, kuma kowane mako da ya ƙaru a ciki damar na ƙaruwa. Yana jin muryarki. Tsakanin 24 da 28 ake gwajin sugan masu ciki: ki je ba ki ci komai ba, a ɗauki jini, ki sha ruwan zaƙi, a sake ɗauka bayan awa biyu. Mu 'yan Afirka muna cikin waɗanda ake fi yi wa shi, don ya fi kama mu, kuma sau da yawa ba ya nuna alama. Allurar tarin shiƙa a Ingila daga mako na 16 ake yi, a Amurka tsakanin 27 da 36; kariyar ta ratsa mabiyiya ta isa ga jariri kafin ya kai yin nasa rigakafin.

In kina aiki a Ingila, dole ki sanar da wurin aiki akalla mako 15 kafin makon haihuwa, wato wajen mako na 25, ungozoma kuma za ta ba ki takardar shaidar ciki, MATB1. Hutun ya kai mako 52, ko da yake ba duka ake biya ba. Jamus mako 6 kafin haihuwa da 8 bayanta. Amurka dokar tarayya mako 12 ta bayar, babu albashi, shi ma ga wadda ta cika shekara a wurin aikin.

Daga mako na 28 ɗan ya kai kilo ɗaya, yana buɗe ido, sauran aikinsa tara kitse da nunar huhu. Jinin jikinki ya ƙaru da kusan rabi, shi ya sa ƙarancin jini ke yawa a nan. Ƙwannafi, haki, ciwon baya, fitsari ba iyaka. Ki riƙa kwanciya ta gefe, kar ki yi rigingine, don nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

A nan nake so ki tsaya ki ji ni da kyau. An tarbiyyantar da mu da cije haƙori, mace ba ta raki. Asibitin nan kuwa da abin da kika faɗa yake aiki. In kin ce "da sauƙi" alhali kina ganin wuta, "da sauƙi" za a rubuta. Rahotannin MBRRACE da ake fitarwa a Birtaniya kan mutuwar mata masu ciki sun sha nuna cewa haɗarin mutuwar baƙar mace a ciki da haihuwa ya ninka na farar mace, kuma rashin sauraro da wuri yana cikin abin da ake kuka da shi. Ko fari da ɗashewar da ma'aikata ke dubawa a fuska ba sa fitowa sosai a fatarmu. Bakinki ne zai yi aikin. Ciwon kai mai nacewa, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ciwo ƙarƙashin haƙarƙari: alamun hawan jinin masu ciki ne, wanda kan kai ga jijjiga. Ƙaiƙayi mai tsanani a tafin hannu da ƙafa shi ma a faɗa, yana iya zama hanta. Sai motsi. Masu cewa jariri yana rage motsi in haihuwa ta matso saboda wuri ya yi masa kaɗan ba daidai suka faɗa ba. Salon motsin kan canza, amma ba ya raguwa. In kin ji ya yi shiru ba kamar yadda ya saba ba, ki buga wa sashen haihuwa a lokacin, ko ƙarfe uku na dare ne. Lambar tana kan katinki, ba sa rufewa. In an sallame ki kuma hankalinki bai kwanta ba, ki koma, ki ce kina son ganin babba.

Mai niyyar tafiya ta sani: bayan mako na 28 kamfanonin jirgi da yawa suna neman takardar likita, mafi yawansu kuma ba sa ɗauka bayan 36, ko 32 ga mai tagwaye. In ƙasar da za ki akwai zazzaɓin cizon sauro, ki ga likita tukuna, don garkuwar da kika taso da ita tana raguwa in kin daɗe a waje, ciki kuma yana ƙara rage ta.

Wajen mako na 36 za a lalubi cikin a ji ko kai ya juyo ƙasa. In yana zaune, za a iya gwada juya shi da hannu ta waje, ko a yi maganar tiyata. Daga 37 ba a kiransa bakwaini. Ciki zai riƙa ɗaurewa yana saki, naƙudar ƙarya ke nan. Ta gaskiya tana zuwa a jere, tana matsowa, tana ƙara ƙarfi, canza kwanciya ba ya kashe ta. In faya ta fashe ki kira asibiti ko babu ciwo, ki lura da launin ruwan: kore ko ruwan ƙasa, a tafi nan take. In kin kai mako na 41 shiru, za a yi miki tayin tayar da naƙuda. Tayi ne, kina da damar tambayar dalili da abin da zai faru in kin jira.

Tun mako na 34 ki haɗa jaka, ki sayi kujerar jariri ta mota don doka ce a nan, ki kuma tsayar da wanda zai riƙe miki manyan yara in abin ya zo da tsakar dare. Ni maƙwabciyata na roƙa, wadda a lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu a bakin ƙofa. Ta ce in ƙwanƙwasa ko wane lokaci ne. Ƙarfe huɗu saura na asuba na ƙwanƙwasa, ina 39+5.