Yadda ake sayen gidan tirela a Amurka ba tare da an ƙone ba

Duk ɗan uwan da hayar ɗaki biyu ta ishe shi a Amurka, wata rana sai an nuna masa hoton gidan tirela: ɗaki uku, banɗaki biyu, ga ɗan fili na wasan yara, kuɗinsa kuma sau da yawa bai wuce rabin na ginannen gida ba. A masana'anta ake ƙera shi bisa gindin ƙarfe, babbar mota ta jawo shi, a dasa. Babu mai taka maka kai daga bene da tsakar dare. Duk wannan gaskiya ne. Amma mutum uku na gani sun ƙone a harkar nan, wato sun tafka asara, na huɗunsu ni ne.

Da farko, kada ka yi saurin shiga ciki. Zagaya ƙarshen gidan ta waje, ka nemi wani ɗan ƙarfe mai launin ja da aka kafa a bango. Shaidar HUD ce, ma'aikatar gidaje ta tarayya, kuma duk gidan da aka ƙera daga 15 ga Yuni, 1976 dole ya zo da ita. In mai ɓari biyu ne da aka haɗe, biyu za ka gani. Wanda ya girmi wannan rana, ni dai ko kyauta ba na so, bankuna ma gudunsa suke yi. Sai ka duba cikin kabad ɗin kicin ko gefen akwatin wuta, akwai takarda mai nuna ranar ƙira da ƙarfin iskar da zai iya jurewa, mataki na 1, 2 ko 3. Bayan guguwar Andrew ta 1992 a Florida aka tsaurara wannan doka, a 1994. Gidan mataki na 1 ba a dasa shi a gaɓar teku inda ake buƙatar na 2 ko 3.

Yanzu tambayar da ta fi komai: ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta wa ce?

Nan na faɗi. Na sayi nawa a unguwar tirela, irin wadda gida naka, fili na wani, duk wata ka biya hayar wurin. Lokacin kuɗin bai taka kara ya karya ba, har ina yi wa abokai dariya. Ba a daɗe ba tsohon mai unguwar ya sayar wa wani kamfani. Na dawo daga aikin dare na tarar da takarda a maƙale a ƙofa, an ƙara haya. Shekara ta zagayo, wata takardar, har kuɗin ruwa da na shara aka ware daban. Na ce to zan ɗauke gidana, ai mai taya ne. Sai na ji kuɗin: a raba shi biyu, a nemi izinin hanya, a ja, a sake haɗawa, dubban daloli. Unguwar da na nufa kuma suka ce ba sa karɓar tsohon gida. Sunansa na tafi-da-gidanka, amma inda aka ajiye shi nan yake tsufa. Kuma in ka gaza biyan hayar fili ana iya korarka, gidan da ka biya da guminka yana tsaye.

Saboda haka ka sayi fili tare da gidan, ko da a bayan gari ne. In ba hali, nemi unguwar da mazauna suka haɗa kuɗi suka mallaka, irin tsarin da aka faro a New Hampshire a 1984. In nan ma babu, karɓi yarjejeniyar haya a rubuce, ka ƙwanƙwasa ƙofar mutum biyar ka tambaye su sau nawa aka ƙara musu a shekara biyar. Kada ka tambayi ofis.

Maganar kuɗi tana rataye da wannan. A yawancin jihohi takardar gidan irin ta mota ce, don haka bashinsa gajere ne, ruwansa kuma ya fi na ginannen gida. In filin naka ne, an kafa masa tushe na dindindin an mai da takardun na ƙasa da gini, ya fi samun damar ƙara daraja. Babban kamfanin ƙira, Clayton Homes, wanda kamfanin Berkshire Hathaway na attajirin nan Warren Buffett ya saya a 2003, yana da nasa masu ba da bashi. Ko wane ne mai sayarwa, ka ji farashin wasu wuraren kafin ka sa hannu. Mu masu gudun riba, tara kuɗi ko adashi a sayi na hannu ya fi mana kwanciyar hankali.

Saura dubawa. Taka gefen masai da ƙasan tagogi da ƙarfi, in ƙasan ta lotsa ruwa ya ci katakon. Ƙofar da ba ta rufuwa alama ce gidan ya karkace. Biya mai duba gida ya rarrafa ƙarƙashi, kada ka yi tsumulmular wannan kuɗin. Nemi farashin inshora tun kafin ciniki. In jihar mai sanyi ce, tabbatar an naɗe bututun ruwan da ke ƙasa da waya mai ɗumama shi kafin Nuwamba.