Kurakuran da aka fi yi a gidan abincin Tailan da sushi, da yadda za a gyara su

Gidajen abinci da yawa suna haɗa girkin Tailan da sushi na Japan, wato shinkafa mai ɗan tsami da ake haɗawa galibi da ɗanyen kifi, a takardar abinci guda, sai mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. Girki biyu ne masu bambanci, kuma yawancin ɓarnar tana faruwa ne tun wajen oda, kafin cokali ya taɓa baki.

Babban kuskure shi ne fara cin mai yaji kafin sushi. Ɗanɗanon ɗanyen kifi ba shi da ƙarfi, in barkono ya riga ya kama harshe ba abin da za ka ji sai sanyin shinkafa, ka yi asarar kuɗinka. A fara kawo sushi, a cinye, sannan a shiga miyar Tailan. Ka faɗa wa mai kawo abinci haka tun farko, don in ba ka faɗa ba komai zai iya sauka a tebur lokaci guda.

Sai batun halal, wanda mutane ke taƙaita shi ga tambayar "akwai alade?" Tambayar ba ta isa ba. A ɓangaren Japan, abin lura shi ne mirin, giyar shinkafa mai zaƙi wadda barasar cikinta ke kai kusan kashi 14 cikin 100, da kuma sake, wata giyar shinkafar. Su ake dafa baƙin romon da ake shafa wa kifin unagi da naman teriyaki da su, kuma sau da yawa ana ɗiga mirin a cikin wainar ƙwai da ake ɗora wa sushi. Gyoza, wato ɗan ƙullin fulawa mai nama a ciki, galibi da niƙaƙƙen alade ake cusa shi, romon tonkotsu kuwa ƙashin alade ne zalla. A ɓangaren Tailan, pad kra pao, soyayyen nama da ganyen ƙamshi, da alade aka saba yin sa in ba ka ce kaza ba, haka ma romon taliya da yawa. Kalmar alade a yarensu ita ce mu, "mai sai mu" na nufin kada a sa alade, kuma 'yan kasuwarmu masu zuwa sari Bangkok za su amfana da haddace ta. Ko kazar ma ka tambayi yankanta. Wanda bai samu gamsasshiyar amsa ba, ya tsaya ga kifi da jatan lande da ganye, ya ce kada a zuba romo a kai.

Yaji ma yana kayar da mutane, musamman mai taƙama da cewa ya saba da attarugu. Ƙananan barkonon Tailan ɗanye ake daka shi cikin som tam, wato kwaɗon ɗanyar gwanda, zafinsa kuma yana hawa ne a hankali. Ka ce "phet nit noi", ɗan yaji kaɗan, ko "mai phet" in ba ka so sam. Ƙari yana da sauƙi, tunda akan ajiye garin barkono da sukari da ruwan kal da romon kifi a tebur, ragewa ce ba ta yiwuwa. Kada launi ya ruɗe ka: koriyar miya sau da yawa ta fi ja zafi. Mai son sassauci ya nemi massaman, miya mai dankali da gyaɗa da ta samo asali daga Musulmi, ko tom kha mai madarar kwakwa. In baki ya ɗauki wuta, ruwa ba ya kashe ta, yaɗa ta yake yi. Farar shinkafa ko kokwamba ko abin sha mai madara su ne magani.

Abincin Tailan na tarayya ne. Mutum huɗu su yi odar miya ɗaya, soyayye ɗaya, kwaɗo ɗaya, kifi ɗaya, kowa da farantin shinkafarsa, a riƙa ɗiban cokali ɗaya ko biyu ana ɗorawa. In kowa ya yi odar pad thai nasa, wato soyayyar taliya, an rasa rabin daɗin. Da cokali ake ci, mai yatsu aikinsa tura abinci cikin cokalin kawai, tsinkayen cin abinci kuwa na taliya ne. Shinkafa mai danƙo da hannu ake cin ta, a dunƙula a dangwala kamar lomar tuwo. Itatuwan da ke yawo cikin romon tom yum, ciyawar lemo da yankakkiyar galangal mai kama da citta da ganyen lemo, don ƙamshi aka sa su, ba a taunawa.

A wajen sushi, mutane suna cika ɗan kwanon da baƙin ruwan waken suya, su dama wasabi, koren haɗin nan mai yaji, a ciki, su tsoma shinkafar har ta jiƙe. Shinkafar an riga an gyara ta da kal da sukari da gishiri, in ta sha ruwa wargajewa take yi, gishiri kuma ya danne kifin. Zuba kaɗan, ka juya nigiri, wato dunƙulen shinkafa mai yankan kifi a kai, gefen kifin ya taɓa ruwan, ka kai baki loma ɗaya. Cin sa da hannu ba laifi ba ne. Mai haɗawa yakan shafa wasabi tsakanin kifi da shinkafa, saboda haka ɗanɗana kafin ka ƙara. Cittar da aka jiƙa ta wanke baki ce tsakanin kifi da kifi, ba a ɗora ta a kai. Temaki, mai siffar mazurari, ka ci shi nan take kafin nori, busasshen ganyen teku da aka naɗe shi da shi, ya yi laushi. Kada ka soke tsinkaye a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani abinci daga tsinke zuwa tsinke, domin duka biyun al'adun jana'iza ne a Japan.

Lafiyar ɗanyen kifi ba abin wasa ba ce. Kifi mai kyau ba ya ƙarni, namansa yana sheƙi, ba ya yauƙi. Ƙa'idar Amurka ita ce a daskarar da kifin da za a ci ɗanye a digiri 20 ƙasa da sifili har kwana 7 don kashe tsutsotsi, saboda haka a garin da wuta ke yawan ɗaukewa ka tambayi daga ina kifin ya zo da yadda ake ajiye shi. Kifin kogi ba a cin sa ɗanye. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi su zaɓi dafaffe, kamar ebi, wato dafaffen jatan lande, ko naɗin kokwamba da fiya. Wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko jatan lande ya faɗa da baki, don ana barbaɗa gyaɗa a pad thai, ana kuma daka jatan lande cikin haɗin miya inda ido ba ya ganin sa. Ragowar miya ana iya tafiya da ita gida, amma sushin da ya wuce awa 2 a waje, musamman a zafin bazara, a bar shi a tebur.