Yadda za ka buɗe maƙalarka ga kowa ba tare da ka biya ko sisi ba

Mujallu da dama da ke barin kowa ya karanta kyauta, marubuci suke caja, wani lokaci dala dubu biyu ko uku kan maƙala ɗaya. Wanda ba shi da wannan kuɗi yana da wata hanya: ya buga maƙalar a mujallar da masu karatu ke biya, sannan ya ajiye kwafin aikinsa da kansa a rumbun bincike na intanet.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne zaɓen kwafi, domin kowace maƙala kwafi uku gare ta. Akwai wanda ka fara turawa kafin masana su duba, akwai wanda edita ya amince da shi bayan ka yi gyare-gyaren da suka nema, sai wanda mujalla ta tsara da tambarinta da lambobin shafi. Na biyun ne yawancin mujallu ke yarda a ajiye. Na ukun kuwa, muddin ka sa hannu a takardar miƙa haƙƙin mallaka, ya zama na kamfanin da ke buga mujallar, kuma ɗora shi a fili kan jawo umarnin a sauke shi. Saboda haka ranar da saƙon amincewa ya iso, adana fayil ɗin ƙarshe da ka tura, ka rubuta kwanan wata a sunansa. Bayan shekara biyu, cikin fayiloli goma masu suna iri ɗaya, da wuya ka gane shi.

Daga nan duba ƙa'idar mujallar a Open Policy Finder, shafin intanet da ke tattara ƙa'idojin mujallu kan ajiye kwafi, wanda a da ake kira Sherpa Romeo. Wata ta yarda nan take, wata sai an jira wata 6, 12 ko 24.

Rumbun jami'arka ne wuri na farko. Masu lissafi, fizis da kimiyyar kwamfuta suna da rumbun arXiv, wanda aka kafa a 1991, sai dai sabon shiga kan buƙaci wani tsohon hannu ya tsaya masa. Zenodo, wanda cibiyar binciken fizis ta Turai, CERN, ke kula da shi, yana karɓar kowane fanni, kuma za ka iya sa masa ranar da fayil zai buɗe da kansa idan wa'adin jira ya cika.

Wajen cike bayanai, sa lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da mujallar ta ba maƙalar, domin masu ambaton aikin su koma wuri ɗaya, ka kuma zaɓi lasisin da mujallar ta ƙayyade. Kada ka danna CC BY, lasisin da ke barin kowa ya sake amfani da aikin muddin ya ambaci mai shi, don kawai shi ne ya fara fitowa.