Ga masu son haɗa garmaho da kwamfuta

'Yan uwa masu DJ, kada ku yi gaggawar biyan kuɗin manhajar DJ irin su Serato ko rekordbox. Ku fara gwada hannu da manhajar Mixxx, kyauta ce, kuma tana karanta faifan Serato, wato faifan garmaho na musamman da ake sarrafa waƙar cikin kwamfuta da shi. Amma sai da na'urar sauti mai ramin phono, wato inda ake soka wayar garmaho.

Ni ƙura ce ta kunyata ni. Wani biki a Ƙofar Ƙaura cikin hunturu, allura ta kwashi ƙura, waƙa ta dinga tsalle, ga amarya a tsakiyar fili! Tun ranar burushi bai bar aljihuna ba. Ku sa manhajar a tsarin da ake kira relative, a nan ko allura ta goce waƙa ba ta barin inda take. Siririyar wayar nan ta bayan garmaho kuma a ɗaure ta jikin mikisa, wato na'urar haɗa sauti, in ba haka ba sifika ta yi ta gurnani.